Maɓallan Rigar Auta

A shagon telan da ke kusa da tashar bas, daga hannun hagun mai shiga, akwai wani ɗan benci da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Na Goggo mai saƙa ne. Shagon ba nata ba ne, ba ta kuma ɗinki. Wata shekara ce ta shigo neman maɓalli, ta ga hasken tagar ya yi mata, ta zauna ta ƙarasa wuyan wata riga, washegari kuma ta dawo. Tela bai ce ta zo ba, bai ce ta tafi ba. Da aka kwana biyu sai ya matsar da teburin guga ya ba ta wuri. Yau shekara ashirin da huɗu ke nan.

Duk layin Goggo suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mace ce gajera mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan magana. In tana ƙirga kuwa, ko gaishe ta ka yi sai dai ta ɗaga maka yatsa ɗaya, ka jira ta kai ƙarshen layi.

Tana da shekara goma sha biyu mahaifiyarta ta kwanta asibiti da ciwon ƙirji, wata bakwai. Ita ke kai abinci. A gadon da ke kusa akwai wata tsohuwa da ta karye a ƙugu, kullum tana kwance tana saƙa safa da tsinke huɗu. Yarinyar ta yi kwana uku tana kallo. Ran na huɗu tsohuwar ta ce, “Tsayuwar nan taki tana tare min haske. Je ki nemo tsinke ki zauna.” Ta je wurin mai gyaran keke ya ba ta wayar ƙafar keke guda biyu, ta goga bakinsu a siminti har suka yi santsi. Zare kuwa, tsohuwar suwaitar mahaifinta ta warware ba tare da ta tambaye shi ba.

Tsohuwar nan ba ta koya mata ado ba. Diddigen safa ta koya mata. Takan ce kowa zai iya saƙa miƙaƙƙen abu kamar tabarma, amma jikin mutum ba miƙaƙƙe ba ne. Sai ta nuna mata yadda ake saƙa layi a tsaya ba a kai ƙarshe ba, a juya a dawo, a sake tafiya a tsaya kusa da inda aka tsaya ɗazu, har saƙar ta lanƙwasa da kanta ta yi gurbin da diddige zai zauna. Madaukan zaren da ke jere a kan tsinke, ido take ce musu, Goggo ma har yau haka take cewa. A rage ido abu ya tsuke, a ƙara ido ya buɗe, a gajarta layi ya lanƙwasa. Abin da ta samu ke nan a wurin tsohuwar, a kansa kuma ta ɗora duk abin da ta yi daga baya.

Mahaifiyar ba ta tashi ba. Ta bar ɗa namiji mai shekara biyu, Goggo ce ta goya shi. Duk abin da ta fara koyo a jikinsa ta gwada: hula mai tsini kamar mazurari, safa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da wata riga da kansa ya ƙi wucewa ta wuyanta har sai da aka yanka da reza. Auta ake ce masa tun a lokacin. Yanzu yana da shekara hamsin da ɗaya, ga furfura a gemu, sunan bai sake shi ba.

Goggo ta auri direban bas, suka haifi uku, duk sun yi nasu gidan. Mijin ya rasu shekara tara da suka wuce. Ta yi 'yan watanni ba ta fito ba, tela bai bar kowa ya ɗora kaya a bencin ba, ranar da ta dawo kuma ta ci gaba daga layin da ta tsaya.

Tana saƙa hula, da safa, da safar hannu wadda take buɗa wa babban yatsa wurinsa sannu a hankali, ido biyu bayan kowane layi uku, don kada tafin ya matse. Amma abin da ya fito da sunanta jaket ne, rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba da maɓalli. Tana da tef na awo, ba ta dai yarda da shi sosai ba. Ta ce da zarar an ɗora wa mutum tef sai ya miƙe, ya haɗiye cikinsa, ya zama wani mutumin da ba shi ne zai sa rigar ba. Don haka sai ta ce ka zauna, a kawo maka shayi, ta bar ka kai da tela kuna hira, ita tana kallonka ta gefen ido. Mai ɗaukar kaya a kasuwa, kafaɗarsa ɗaya ta sauka, sai ta gangaro da wannan kafaɗar a mataki huɗu, ɗayar a uku. Akawun da ya saba ranƙwafawa kan tebur, sai ta ƙara masa gajerun layuka a ƙasan ƙeya don kada bayan rigar ya ɗage. Mai teɓa a gaba take ƙara masa nasa, ba ta kuma gaya masa. A hammata tana saka wata 'yar kusurwa, yadda in mutum ya ɗaga hannu ya kama ƙarfen bas, rigar ba za ta bi shi sama ba. Hannuwan riga kuwa tare take saƙa su, a kan dogon tsinke ɗaya da ƙwallon zare biyu, don duk inda ta rage a wannan ta rage a wancan.

Tela yakan ce, “Ke kin ji daɗi. In kin yi kuskure sai ki warware. Ni in almakashi ya ci, ya ci.”

Ita kuma ta ce, “Shi ya sa kake da kwandon ƙyalle, ni ba ni da shi.”

Auta a masana'antar buga kwano yake aiki, shekara ashirin da shida a gaban injin da ke matse farantin ƙarfe. Wata safiya injin ya kama hannunsa na dama. Likitoci suka yanke shi kamar yatsa huɗu ƙasa da gwiwar hannu. Ciwon ya warke da kyau, amma Auta ya yi wata huɗu bai taka ƙofar gida ba.

Matarsa ce ta zo shagon. Shekararsu ashirin da uku da aure, Goggo har yanzu Amarya take ce mata. Ta zauna a bakin benci, ta jira aka kai ƙarshen layi.

“Yaya, manajansu ya aiko. Sun ba shi ɗakin kayan aiki, ya riƙa miƙa wa ma'aikata guduma da sukudireba da safe, ya karɓa da yamma. Aiki ne na zaune. Sun ce za su riƙe masa wurin zuwa Litinin ta farkon wata, in bai zo ba su ba wani.”

“To me ya hana shi?”

“Riga.”

Goggo ta ajiye tsinke. Amarya ta yi mata bayani. A ƙofar masana'antar kowa sai ya cire rigarsa ta sama ya rataye, da yamma kuma sai ya buɗe ta masu gadi sun duba kafin ya fita, mutum ɗari biyu a layi ɗaya. Ga shi sanyi ya shigo, bas ɗin ƙarfe shida yake bi. Kwat ɗinsa mai zif ce, zif kuwa sai da hannu biyu ake kama bakinsa. An gwada suwaita mai shiga ta kai, ya maƙale a ciki kamar akuya a buhu, yara suna tsaye, tun daga ranar bai sake taɓa ta ba. Maɓallin rigunansa ita ke ɓalla masa.

“Ya ce ba zai tsaya gaban yaran da ya koya wa aiki yana roƙon a ɓalla masa riga ba. Ya ce gara wurin ya tafi.”

“Kwana nawa ya rage?”

“Sha tara.”

Washegari da hantsi Goggo ta je gidan. Ta same shi a ɗakin tsakiya, kan kujerar da ke fuskantar bango, rediyo na magana ba mai saurare, ya yafa tawul a hannun. Suka gaisa. Ta zauna ta fito da saƙarta kamar ba abin da ya kawo ta. Amarya ta kawo shayi. Goggo ta bar shi ya sha, ya tashi ya rage muryar rediyo, ya dawo. Ta lura kafaɗar dama ta ɗaga sama tunda ba nauyin da ke jan ta, yana kuma ɗan karkata hagu in zai zauna.

“Cire tawul ɗin nan,” in ji ta.

“Yaya, ba abin kallo ba ne.”

“Ni na wanke ka tun ba ka san sunanka ba. Wane abu ne a jikinka ban gani ba? Cire.”

Ya cire, ya kau da kai. Ta kama dungun da hannu biyu, ta zagaye shi da yatsu, ta auna daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙarshe. Ta tambaye shi inda ke masa zafi, ya nuna mata bakin ɗinkin. Ta ce ya lanƙwasa, ya lanƙwasa.

“Kada ki wahalar da kanki,” ya ce. “Ba inda za ni.”

“Wa ya ce za ka wani wuri? Zare ne ya yi min yawa.”

Ulu mai ruwan toka ta ɗauka, mai ɗan kauri. Baya da gaba biyu ba su ba ta wahala ba, kwana shida ta gama su, ta ɗaga kafaɗar dama da gajerun layuka uku. Ran na bakwai ta ɗauko dogon tsinke ta kafa hannuwa, ƙwallon zare biyu, kamar kullum. Tana saƙa, tela na ba ta labarin wani da ya kawo wando a rage masa tsawo sau uku. Sai da hannuwan suka kai taƙi guda, biyu reras, kowanne da bakin wuyan hannunsa, sannan ta tsaya. Ta daɗe tana kallon su. Ta zare ɗaya daga tsinken ta fara naɗe zaren.

Tela ya leƙo. “Da kin bar shi. Haka ake yi ai, a yi hannun cikakke, a naɗe a maƙale da fil. Duk waɗanda na yi wa kwat haka suka so.”

“Fil ɗin wa zai maƙala masa? In ya kwance kuma ya faɗa cikin shayi, ko ƙofar bas ta kama. Hannun da ba kowa a ciki ba na saƙa shi.”

Hannun daman daga sama ta ɗauko shi, daga kafaɗa ta gangaro. A gwiwa ta gajarta layi ta bayan hannun, ta yi mata gurbi irin na diddige. Ƙarshen kuwa ta rufe shi kamar bakin safa, tana rage ido a wuri huɗu, layi bayan layi, har suka rage takwas ta zare su da allura. Ba ta bar ƙulli ko ɗaya ta ciki ba, ta kuma karkatar da layin ragin don kada ya hau bakin ɗinkin likita. Sau biyu ta warware kafin ya yi mata.

Saura maɓalli, shi ne kuma gaba ɗayan maganar. Ta ciro ɗankwalin da ke cikin jakarta, ta ce wa tela ya ɗaure mata hannun dama a baya.

“In mutane suka shigo fa? Su ce na kama ɓarauniya.”

“Ɗaure dai.”

Ya ɗaure. Ta zauna a benci da jaket ɗinta na kullum a jiki, tana ɓallewa tana ɓallawa da hagu. Ƙananan maɓallai suna zille mata. Masu faɗi kwance sun manne da riga, yatsa ba ya samun shiga ƙarƙashinsu. Tela ya zazzage gwangwaninsa a tebur, suka yi ta tona har aka samu masu ɗan wuya a baya, manya, baƙaƙe. Ta ga shida sun yi yawa, huɗu sun isa. Ta ga ramin da aka tsaga a tsaye ya fi na kwance sauƙi, bakin rigar kuma in ya yi laushi gudu yake yi, sai a saƙa shi da ƙaramin tsinke ya yi tauri. Kwana biyu tana wannan, har ta kai tana rufe huɗun kafin tela ya gama zura zare a allura. Sannan ta ɗebi ido a gefen gaban rigar Auta, ta saƙa bakin, tana duban wanda ke jikinta tana kwaikwaya.

Saura kwana shida ta kai masa. Bai so gwadawa ba, amma ba ya iya musu da ita a tsaye. Ya zura dungun, ya zagayo da hagu. Rigar ta zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa ta, kafaɗun suka daidaita, guntun hannun ya rufe ba tare da ya matse ba. Ya lanƙwasa gwiwar hannun. Ya kai yatsu ga maɓallin farko, ya shige. Na biyu, na uku, na huɗu. Ya tsaya yana kallon cikinsa. Ya ɓalle su, ya sake rufewa.

Amarya, murna ta kama ta, sai ta ce, “Kai, ta yi kyau. Har ma irin tawa ce, gefe ɗaya suke rufewa.”

Auta ya juya ga madubin da ke jikin kabad. Ya duba da kyau. Gefen dama ne ya hau kan na hagu, yadda rigar mata take. Ta maza kuwa hagu ke hawa kan dama. Ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya cire rigar, ya shimfiɗa ta a hannun kujera.

“An cire min hannu, na yi shiru. Yanzu kuma rigar mata za a sa min in shiga cikin maza.”

“Wa zai duba wannan?” in ji Amarya.

“Ke ba ki duba ba?”

Goggo ta ɗauki rigar ta juya ta. Shekara kusan hamsin tana saƙa, ba ta taɓa sa wa namiji maɓalli a wannan gefen ba, ko da barci take ji. Ta naɗe rigar ta sa a jaka.

A shago tela ya shimfiɗa ta a tebur, ya duba, ya dube ta. “Ke da kanki?”

“A jikina na gwada, a jikina na kwafa.”

“To ai sai ki juya. Baki ne kawai, kwana biyu kin gama.”

Ta karɓi wata kwat ta maza da ke rataye ta sa, ta ce ya sake ɗaure mata hannu. Nan ta ga abin da ba ta lura da shi ba. Rigar mata ta wajen hagu bakinta yake buɗewa, yatsun hagu suna shiga ƙarƙashinsa kai tsaye su turo maɓalli. Ta maza ta wajen dama take buɗewa, sai hannun hagu ya zagaya ya murɗe, gefen da ke da maɓallin kuma yana gudu ba mai riƙe shi. Ta yi ta fama da guda ɗaya har wuyan hannunta ya gaji.

“Kuskuren naki ne ya ɓalla masa riga,” in ji tela.

“In na bar ta haka ba zai sa ba. In na juya ba zai iya ba.”

“Gaya masa mana.”

“Auta ne fa. In na ce masa wuta da zafi sai ya taɓa.”

Ta zauna da rigar a cinya har la'asar ba ta saƙa ido ɗaya ba. Can wata mata mai tsohon ciki ta shigo karɓar siket, Goggo ta bi ta da kallo har ta fita. Sai ta ɗauki allura ta fara kwance bakin rigar. Akwai abin da take yi in aka ba ta aikin kayan jariri tun ba a haihu ba: sai ta tsaga ramin maɓalli a gefe biyu duka. In an haihu aka ga abin da aka samu, a ɗinka maɓallan a kan ramukan gefe ɗaya, su toshe su, ɗaya gefen ya yi aiki. Ba ta taɓa yi wa babba haka ba.

Kwana uku ya ɗauke ta. Ran Asabar ta kai rigar, ramuka huɗu a dama, huɗu a hagu, ba maɓalli ko ɗaya. Auta ya ɗaga ta yana dubawa.

“Wannan kuma fa?”

“Haka nake wa jariran da ba a san ko mene ne ba.”

Amarya ta shige kicin da sauri. Auta ya haɗe rai. “Yaya, da girmana.”

“Girmanka ne ya sa na bar maka zaɓi. Maɓallan suna wurin tela. Ka je ka nuna masa gefen da kake so.”

“Amarya ta kai masa.”

“Ba ya kafa maɓalli sai a jikin mai riga.”

“Tun yaushe?”

“Tun jiya,” in ji ta, ta ɗauki jakarta.

Ran Lahadi shagon rabin yini yake yi. Goggo ta zo da wuri, ta zauna da wata hula da ta kusa kai wa tsakiyar kai. Tara ta yi, goma ta yi. Tela ya share shago sau biyu. Sha ɗaya ta gota sai ga Auta a bakin ƙofa, rigar a jikinsa a buɗe, yana haki kamar wanda ya yi tafiyar yini, alhali gidansa bai fi layi huɗu ba.

Tela bai tashi ba. “A'a, Auta. Shigo, kana tare min iska. Tsaya nan.”

Sannan ya tashi ya ɗauki maɓalli biyu ya ɗan kama su da zare a sama, a gefen maza. Ya kama biyu a ƙasa, a gefen mata. Ya koma kujerarsa. “To, bismilla.”

Auta ya fara da na sama. Ya murɗa hannu, maɓallin ya zille. Ya danne gefen rigar da dungu, bakin ɗinkin ya taɓu, ya cije leɓe. Ya kai haɓa zai riƙe, bai kai ba. Da ƙyar rabin maɓallin ya leƙo, ya koma. Goggo tana ƙirga idonta, ba ta ɗago ba. Wata mota ta tsaya a tasha, ta sauke mutane, ta tashi, yana nan a kan na farko. Daga ƙarshe ya shige. Bai taɓa na biyu ba. Ya sauke hannu ga na ƙasa, ɗaya, biyu, kamar ya ɗauki goro a faranti.

Tela ya zura zare mai kauri a allura, ya ja shi a kan kakin zuma.

“Ina zan kafa?”

“Kai ma ka gani. Sai na faɗa?”

“Sai ka faɗa. In na kafa ba ka faɗa ba, gobe ka ce ni na mai da kai mace.”

Auta ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ɗora yatsa a gefen hagu.

“Madalla,” in ji tela. “Duk garin nan ba mai lura da wannan sai tela, da mai saƙa, da matarka. In wani ya tambaya, ka ce yayarka ce ta tsufa ta rikice.”

“Ka faɗa,” in ji Goggo. “Ba ƙarya ka yi ba.”

Aka kafa huɗun a kan ramukan hagu, a jikinsa, yana tsaye, tela na ce masa kada ya yi numfashi in ba ya son allura. Da aka gama ya rufe rigar, ya ce musu sai anjima. Bai ce zai je aiki ba, ba wanda ya tambaye shi.

Ran Litinin Goggo ba ta bi ta gidansa ba. Ta zo shago lokacin da ta saba, ta gama hular, ta kafa safar hannu. Sau biyu tela ya ce ko a aika a ji, ta ce a bar shi. Da rana ta ɓata babban yatsan safar, ta warware, ta sake.

Biyar da rabi bas ɗin ma'aikata ya tsaya a tasha. Mutane suka sauko, a cikinsu har da Auta, riga a rufe har wuya, da ɗan baƙin mai a gefen hannun hagu. Ya shigo ya zauna a kujerar masu jira ba tare da an ce ya zauna ba.

“Yaya aikin?” in ji tela.

“Aiki dai. Sun hargitsa ɗakin nan, sifana a cikin akwatin ƙusa. Sai na yi sati ina gyara.” Ya juya ga Goggo. “Yaya, wai aljihun nan na dama, na mene ne?”

Ta ɗaga yatsa, ta kai ƙarshen layi, sannan ta duba. Aljihu biyu ta yi wa rigar, ɗaya a kowane gefe, kamar kowace riga.

“Na jefa makullin ɗakin a ciki da safe,” in ji shi. “Da zan ciro sai da na yi ta juyi kamar kare na bin jelarsa. Ga mutane a tsaye suna jiran guduma.”

“Sai ka daina sa makulli a ciki.”

“Ki cire shi, ki mayar min nan ƙirji, ta ciki, inda hannuna zai kai.”

“Ba yau ba. Ina da safar mutane.”

“Gobe da ita zan fita.”

“To kawo. Aljihu ne, kafin tela ya rufe na gama.”

Ya miƙe, yana gaya wa tela yadda sabon yaron da aka sa a injinsa yake ɓata faranti, yatsunsa na bin maɓallan daga sama zuwa ƙasa ba tare da ya duba ba. Ya zame rigar ya miƙa mata. Goggo ta juya ta ciki waje, ta nemi bakin zaren aljihun da tsinin allura, ta fara kwancewa.